Wasiƙu Ashirin da Uku a Fayil ɗin Mai Labule

Masu karatu, ku gyara zama, abin kunyar da na kwaso wannan makon ya fi na baya nauyi. Ga wanda yau ya fara leƙowa, bari in gabatar da kaina. Shekarata arba'in da shida. Ina da tumbi ɗan madaidaici, da tabarau biyu, na nesa da na kusa, da ɗaki guda a saman bene bisa shagon mai gyaran waya, inda nake haɗa wa mutane shafukan intanet. Injiniya ake kirana. Ban taɓa karanta injiniyanci ba, amma ban taɓa musa wa kowa ba. Na yi aure sau ɗaya. Ranar da matar za ta tafi, bayan shekara tara, ta tsaya bakin ƙofa da akwatinta ta ce, "Kai ba mugu ba ne. Gajiya na yi da jiran ka ƙarasa magana." Na buɗe baki zan ba ta amsa, kafin in tattaro kalmomin motar ta sha kwana.

Wata huɗu da suka wuce Mai Labule ta hau benen nan. Shagonta yana layi biyu daga nawa, tana ɗinka labule da matasan kujera. Mijinta ya rasu shekara uku ke nan. Ta shigo da tef ɗin awo rataye a wuya bisa mayafi, ta ce tana son shafin da mutane za su ga kayanta ba sai sun tako ba. Cikin kwana biyar na haɗa mata, hoton kowane labule a cikin akwatinsa, jere uku uku. Ta sunkuyo ta dubi allon, ƙamshin sabon yadi yana tashi daga jikinta.

"Injiniya, me ya sa akwatunan nan suke da tsini haka? Kamar za su yanki mutum."

"Haka akwati yake, Hajiya."

"Ni ko matashin kujera ba na barin kusurwarsa da tsini. Ka lanƙwasa min su."

To, a nan laifina ya fara, ku bi ni a hankali.

Kowane shafi yana da wani fayil a bayansa da ake kira CSS. Shi yake gaya wa kowane akwati launinsa, da faɗinsa, da inda zai zauna. Lokacin da na fara sana'ar nan, fayil ɗin bai san lanƙwasa ba, komai a miƙe yake kamar ƙofar ƙarfe. In kana son kusurwa mai laushi sai ka zana da'ira, ka yanka ta huɗu kamar lemo, ka ɗauki kowane yanki ka manna shi a kusurwarsa. Kowane yankin yana ɗauke da launi biyu, na akwatin a ciki, na shafin a waje. Ranar da aka canza launi ɗaya kuwa, sai a koma a sake yanka duka. Haka muka yi shekaru muna wahala, har Allah ya kawo sauƙi. Yanzu layi ɗaya ake rubutawa, border-radius, a sa adadi, kusurwa huɗu su lanƙwashe a take.

Na san layin nan. Fiye da shekara goma ina amfani da shi. Amma ina dubanta sai lissafi ya zo min: in na rubuta shi, kafin ta gyara mayafinta aiki ya ƙare, ta sauka benen nan ke nan har abada.

"Zai ɗauki kwana nawa?" ta tambaya.

Na cire tabarau, na murza ido kamar likitan da ya ga hoton ƙirji. "Kusurwa ba a yi mata gaggawa, Hajiya. Kwana goma."

Sai na koma wa tsohuwar hanya. Ita kuma mace ce mai son launi. Duk sanda sabon yadi ya iso sai ta so shafin ya dace da shi, yau ruwan zuma, jibi ruwan toka. Kowane canji sabon yanka ne, kowane yanka kuma sai ta zo sau biyu, ɗaya ta zaɓa, ɗaya ta duba. Na sayi kujera ta biyu. Na sayi kofuna masu hannu. Na fara goge takalmi.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma akwai wata ɗabi'a ta tsofaffin ma'aikata irina. A cikin fayil ɗin akwai wurin da za ka rubuta wa kanka tuni, tsakanin 'yar sanda mai karkata da tauraro. Kwamfuta tana tsallake shi, ba ya fitowa a shafi. Da can nakan rubuta "nan ne akwatin hagu, kada a taɓa." Da Mai Labule ta shigo rayuwata, sai rubutun ya fara tsawo.

/* akwatin labulen falo. yau ta zo da mayafi ruwan toka, ta yi dariya sau biyu, ɗaya da ni ake, ɗaya ni ake wa */

/* kusurwar hagu ta ƙasa. na yi niyyar faɗa mata yau. na tambaye ta ko zare yana tsinkewa da sanyi */

/* faɗin shafi. in ta ƙi ni zan sauka ƙasa in koyi gyaran waya */

Da wanda ya fi duka muni, na ranar da zuciyata ta dame ni:

/* Allah ka yafe min. da layi ɗaya ake yin wannan. na ja aikin ne don ta riƙa zuwa */

Ashirin da uku ne. Na san adadinsu ne saboda ranar Laraba na ƙirga su ina gumi.

Amma mu fara da Talata. Da safe Yaya ta hau benen, tana haki tana zagin matakala. Ita ce babbarmu, tun rasuwar iyayenmu ita ce uwa ita ce uba, kuma har yau Auta take kirana, da furfurata da komai. Ta shafa yatsa a kan teburina, ta dubi yatsan, ta dube ni. Sai idonta ya sauka kan kujera ta biyu da kofunan.

"Auta, kofi biyu?"

"Na baƙi ne, Yaya."

"Baƙon da ake goge wa takalmi? Wace ce?"

"Wato, akwai dai wata... ba wai akwai ba, amma in aka duba ta wani ɓangaren..."

"Ka ji shi! Wannan 'wato' ɗin ne ya kori ta farko." Ta zauna a kujerar da ba tata ba, ta ajiye jaka a cinya. "Malamar makarantar nan da na nuna maka hotonta, na yi magana da yayarta. Sun ce ranar Juma'a da yamma in kawo musu amsa, don akwai wani da yake zarya. Mace ce mai hankali, ba ta da aibu. Ko ka ba ni suna ɗaya kafin Juma'a, ko in je in ce musu ka amince. Na gaji da ganin ka kana wanke rigarka a bokitin wanka."

Na ce mata to. "To" ita ce jimla ɗaya tilo da nake ƙarasawa.

Laraba, ƙarfe tara da 'yan mintuna, ina kurɓar shayi, saƙo ya shigo.

"Injiniya ina kwana. Shafin nan a waya ya karkace, kusurwa ɗaya ta gudo tsakiyar labule. Ƙanwata ta zo hutu, aikin kwamfuta take a banki, ta ce in ba ta kalmar sirrin shiga shafin ta duba. Na ba ta."

Na karanta da tabarau na kusa. Na sake karantawa da na nesa, ko zai canza. Bai canza ba.

Karkacewar laifina ce ita ma. Tsohuwar hanya tana son faɗi a ƙayyade, sai na kafe shafin a faɗin allon kwamfuta. A ƙaramin allon waya akwatunan suna turereniya, suna zamewa ƙasa, su bar kusurwoyinsu a baya kamar mai gudu ya bar takalmi. Na san haka tun farko. Na ajiye gyaran ne don ya zama dalilin wani zuwan.

Na zabura zan shiga in goge rubutuna. Kalmar shiga ta ƙi. Na sake bugawa a hankali, harafi harafi. Ta ƙi. An canza ta.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba a wata huɗu. Na buɗe shafin kamar baƙo, na danna inda kowa yake iya ganin fayil ɗin da ke baya. Ga su nan a shimfiɗe, duka ashirin da uku, kamar shanya a bakin titi. Masu karatu, na san fayil ɗin nan a buɗe yake ga duniya, abu ne da ake koya a makon farko. Na dogara ne da cewa ba mai leƙawa. Sai yanzu na tuna shafin yana ɗauke da sunan shagonta da lambar wayarta. Na tuna masu sayen kayanta, da 'ya'yansu masu dannan komai. Na tuna dangin marigayi mijinta, waɗanda ta taɓa ce min har tsawon mayafinta suke aunawa da ido. Mace ta yi shekara uku tana kare sunanta, ni kuma na rataya mata launin mayafinta da adadin dariyarta inda kowa zai iya gani.

Na rubuta mata, "Hajiya, kada ƙanwar taki ta wahalar da kanta, yanzu zan gyara."

Alama ta nuna ta karanta. Shiru.

Na ƙara, "Akwai wasu abubuwa na fasaha a ciki da ba kowa zai gane ba."

Ta karanta. Shiru.

Na kira, ta yi ta ringi har ta katse. Shayin ya huce, ya yi fata. Na sauka benen na hau sau biyu ba dalili, har mai gyaran waya ya ɗago ya ce, "Injiniya, motsa jiki aka fara?" Da azahar ta wuce na ga zaman ba zai fisshe ni ba. Na canza riga, don ta jikina ta jiƙe, na sa hula, na kama hanya.

Shagonta dogo ne siriri, yaduka a naɗe har rufi, matasai a jibge a gefe. Tana can ƙarshe a kan keken ɗinki, tana tura wani dogon labule shuɗi ƙarƙashin allura. Ƙanwar tana gaba, zaune kan tebirin yanka, kwamfuta a cinya, tana taunar cingam. Ba ta wuce talatin ba. Ina yin sallama ta washe baki.

"Anti, ga Baba Injiniya! Sannu da zuwa, sannu da aiki, sannu da yankan lemo."

Mai Labule ta amsa sallamar ba tare da ta ɗago ba. Keken bai tsaya ba.

"Baba, zo ka ga wani abin mamaki," in ji ƙanwar. Ta juyo min da allon. "Hotunan kusurwa ɗari da sittin na tarar a ma'ajiyarka. Wallahi sai da na kira abokin aikina na nuna masa ɗaya, ya ce rabonsa da ganin irinsu tun yana firamare."

"Kin nuna masa... fayil ɗin?"

"Hoton kawai." Ta dube ni ta ƙasan ido. "Fayil ɗin ai na iyali ne."

Ta goge hotunan a gabana, ta rubuta layin nan guda, ta danna. Duk akwatunan suka lanƙwashe lokaci ɗaya. Ta ƙara layi uku, ta ce wa akwatunan su jera kansu gwargwadon faɗin allo, uku a kwamfuta, ɗaya bisa ɗaya a waya. Ta miƙa wa yayarta wayar.

"Anti, duba. Minti nawa?"

Keken ya tsaya. Mai Labule ta karɓi wayar, ta ja shafin sama, ta ja shi ƙasa. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, ya fi nawa.

"Wannan ne kwana goma, Injiniya?"

Muryarta ba ta tashi ba, da ta tashi ma da na fi samun sauƙi.

"Wato, Hajiya, ita kusurwa, in aka ce za a bi ta asali..."

"Sau takwas na rufe shagon nan da rana tsaka na hau benenka. Ƙafata ta hagu ba ta son matakala, ka sani, na gaya maka."

Na sani. Yana cikin fayil ɗin ma, na goma sha ɗaya.

Ƙanwar ta hura cingam ya fashe. "Baba, ni wanda ya fi burge ni shi ne na zaren nan da sanyi."

"Ke, ya isa," in ji Mai Labule. Ta yagi wata 'yar takarda daga littafin awo, ta yi rubutu, ta soka mata fil, ta ajiye a bakin tebur, ba ta miƙo min a hannu ba. "Sabuwar kalmar shiga ce. Ka je shagonka ka duba aikin da aka yi. Har ƙasa." Ta mai da ƙafa kan keke.

Ban san yadda na dawo ba. Na dai tuna fil ɗin ya soke ni a aljihu sau biyu, ban cire shi ba, na ga na cancanta. A hanya na tsara rayuwata ta gaba: malamar makaranta, mace mai hankali, ba ta da aibu, kuma ba ta san komai a kan CSS ba. Zan riƙa zagaye layin shagon Mai Labule ta bayan gidan mai har in mutu.

Na shiga fayil ɗin. Layi ɗari shida da na tara a wata huɗu sun koma tamanin da 'yan kai. Wasiƙuna babu ko ɗaya, an share su tas. Na ji sanyi a raina, sai kuma na ji wani abu kamar an yashe min ɗaki. Na ci gaba da gangarawa. A can ƙasa, bayan layi na ƙarshe, ga alamar nan ta 'yar sanda da tauraro.

/* ni ce na buga wannan da yatsa ɗaya, ƙanwata ta nuna min wurin na kore ta waje. na karanta duka ashirin da uku. na ji kunya a gaban ƙanwata yadda ban taɓa ji ba, kuma ka wahalar min da ƙafa, ban yafe ba tukuna. kwamfuta ka gaya wa, ita kuma an ce tsallakewa take yi. in kana da magana ka zo ka faɗa da bakinka, layi ɗaya, ba wato. biyar nake rufe shago. ka goge wannan kafin ka taso, ni ba na shanya a titi */

Na dubi agogo. Huɗu da minti ashirin da biyar.

Na goge shi kamar yadda ta ce, bayan na kwafe shi a takarda, na ninka, na sa a aljihun da fil yake. Na tsaya gaban madubin banɗaki na gwada. Na farko ya kai layi huɗu. Na biyu ya fara da tarihin yadda na shiga sana'a. Na uku yana da "wato" guda biyu. Wayata ta fara ruri a kan tebur, Yaya ce. Na jefa ta aljihu tana rurin, na sauka.

Biyar saura minti bakwai na isa. An riga an shigar da matasan waje, ƙofa ɗaya a rufe. Ƙanwar tana ganina ta sauko daga tebur, ta ɗauki jaka ta ce, "Anti, bari in je in sayo abin da ba ma buƙata." Da ta zo wucewa ta gefena ta rage murya, "Baba, layi ɗaya. In ka wuce zan dawo in rage maka."

Mai Labule tana tsaye tana naɗe labulen shuɗin nan, kwaɗon ƙofa a kan tebur kusa da hannunta. Wannan karon ta dube ni sosai.

"Ina jin ka."

Na dubi yadukan da ke bayanta.

"Wannan shuɗin, Hajiya, in aka sa shi a shafin..."

Ta ajiye labulen, ta ɗauki kwaɗon.

"Ina son ki aure ni."

Haka ya fito, a tsaye, babu lanƙwasa ko ɗaya. Ni kaina sai da na waiwaya in ga wa ya yi maganar. Ta tsaya da kwaɗon a hannu. Gefen bakinta ya motsa kaɗan, ta danne shi.

"Ka ga, bai kai kwana goma ba."

"To... amsar fa?"

"Wata huɗu ka sa ni hawan bene, Injiniya. Kai ma ka ɗan hau. Ka dawo ranar Asabar."

"Hajiya, da dai a ce Alhamis ce, ko Juma'a da safe, domin akwai wani..."

"Asabar." Ta nuna min ƙofa da kwaɗon. "Ka matsa zan rufe."

Na fito na tsaya a bakin titi. Wayar ta sake ruri a aljihuna. Na ɗauka.

"Auta, sau uku ina kira! Jibi fa Juma'a. Akwai suna ko babu?"

Ta cikin gilashin shagon na hango Mai Labule tana kashe fitila, ba ta ko kalli inda nake ba. Ba ni da amsarta, ba ni da alkawarinta, takarda ce kawai a aljihu da fil yana sukana.

"Akwai, Yaya," na ce. "Ki ba malamar haƙuri."

"Ita wannan ɗin ta amince?"

"Sai Asabar zan sani."

Yaya ta ce, "Auta, in ta ƙi fa?"

Na ce mata mai gyaran waya yana neman wanda zai koya wa aiki.